Wasiƙu da tarihin kai a adabin Faransanci: me ake koyo a jami'a?

Tambaya: Wasiƙa ai tsakanin mutum biyu ce. Me ya kawo ta ajin adabi?

Amsa: A Faransa ta ƙarni na 17 wasiƙa ba lallai sirri ba ce. Akan karanta ta a gaban baƙi, a kwafe ta, ta yi ta yawo hannu zuwa hannu. Madame de Sévigné ce kan gaba a wannan fage. A 1671 'yarta ta bi mijinta Provence, can kudu, uwar kuwa ta yi ta aika mata wasiƙu shekara da shekaru. A ciki akwai kewa, akwai gulmar fadar Sarki Louis na 14, akwai zancen bashi da ciwo. Ba a buga su ba sai bayan rasuwarta a 1696, kuma amsoshin 'yar ba su iso gare mu ba. Ɗalibi yana jin baki ɗaya ne kawai, sai ya koyi hango ɗayan daga abin da uwar ke mayarwa. Nan ne daɗin darasin yake.

Tambaya: Duk wasiƙun na gaske ne?

Amsa: A'a. A 1721 Montesquieu ya ƙirƙiro Farisawa biyu masu rubuto wa gida labarin Paris, don ya soki ƙasarsa ta bakin baƙo. Ƙagaggen littafin Laclos na 1782, Les Liaisons dangereuses, kuwa wasiƙu 175 ne, babu mai ba da labari.

Tambaya: To, wanda ya rubuta tarihin kansa fa, gaskiya yake faɗa?

Amsa: Alkawarin gaskiya dai yana yi. Rousseau, wanda aka fara buga Les Confessions ɗinsa a 1782, ya amsa cewa yana yaro ya saci ɗan ƙyallen ado ya ɗora wa wata 'yar aiki, Marion, laifin. Amma ka lura da yadda ya tsara labarin, har mai karatu ya koma tausayinsa shi, ya mance da yarinyar. Abin da malami ke so ka gani ke nan. A 1975 masanin adabi Philippe Lejeune ya kira wannan nau'in rubutu yarjejeniya tsakanin marubuci da mai karatu: sunan da ke bango, da mai ba da labari, da wanda ake ba da labarinsa, duk mutum ɗaya ne. Annie Ernaux, wadda ta ci kyautar Nobel a 2022, ta ɗauki wata hanyar, tana rubuta rayuwarta da ta iyayenta talakawa cikin harshe marar ado.

Tambaya: Marubutan Afirka na ciki?

Amsa: Sosai. Akwai L'Enfant noir na Camara Laye ɗan Gini, na 1953, da Kotia-Nima na Boubou Hama ɗan Nijar. Ni dai da Une si longue lettre na Mariama Bâ, na 1979, nake so a fara. Ƙagaggen labari ne, amma mace ce cikin takaba a Senegal take rubuta wa aminiyarta batun kishiya da gado da 'ya'ya. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan duniyar, sai ya mai da hankali kan salon.

Tambaya: A ina ake karantawa, kuma wane shiri ake so?

Amsa: Ana koyar da adabin Faransanci a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, da Ahmadu Bello a Zariya, da Bayero a Kano. Ɗaliban Najeriya kan je ƙauyen koyon Faransanci na Badagry don gyara baki. Shirin da ya fi shi ne karatu da yawa, domin Faransancin Sévigné tsoho ne, kuma fassara ba ta ci maka jarrabawa.