NECOM House: me ya sa dogon benen wayar nan ya zama alamar Legas?

Wane gini ne ake nufi?

Shi ne benen nan mai hawa 32 da ke titin Marina a Tsibirin Legas, wanda doguwar sandar ƙarfe ta eriya ke tsaye a kansa. An kammala shi a 1979, kuma idan aka haɗa da sandar tsawonsa ya kai mita 160. Da zuwansa ya shafe Cocoa House na Ibadan, wanda tun 1965 ake yi wa kallon bene mafi tsawo a ƙasar.

Me ya sa wasu ke ce masa NET, wasu kuma NITEL?

Sunan da mutum ya kira shi da shi kan nuna shekarunsa. Dattawa NET suke cewa, domin NET, hukumar da ke kula da wayar ƙasashen waje, ita ce ta gina shi ya zama hedikwatarta. A 1985 aka haɗe NET da sashen waya na P&T (ma'aikatar gidan waya da sadarwa ta gwamnati) aka samu NITEL, suna ya sauya. NECOM kuwa shi ne sunan da ke kansa yanzu.

Duk wannan tsawo na mene ne? Ado ne?

Aiki ne ya kawo shi. A wancan zamanin saƙon waya mai nisa ta iska yake tafiya, daga wannan faifan eriya zuwa wancan, kuma a miƙe yake tafiya sak, ba ya kwana. Dole faifai biyun su riƙa hangen juna. Bene ko tudu ya shiga tsakani, magana ta yanke. Ga ƙasar Legas shimfiɗaɗɗiya, ba dutsen da za a ɗora eriya a kai kamar yadda ake samu a Jos ko Abuja, don haka sai a gina tudun da siminti da ƙarfe. Shi ya sa faya-fayan suke can ƙololuwa, kowane ya fuskanci inda zai aika saƙo.

Akwai wani amfanin kuma da ba kowa ya sani ba: an tsara fitilar saman sandar ta zama jagora ga jiragen ruwa masu shigowa tashar Legas. Ke nan tun kafin mai mota ya fara kwatance da ginin, matuƙin jirgi ya riga shi.

Ina labarin gobarar da ake yawan ambata?

A Janairun 1983, zamanin mulkin Shehu Shagari, wuta ta kama ginin ta yi masa mummunar ɓarna, har da asarar rai. Jama'a da dama ba su yarda tsautsayi ba ne. Zargin da ya bazu shi ne an cinna wutar don a ƙone takardun wata badaƙalar kuɗi, musamman da yake ba a daɗe ba da ginin ma'aikatar harkokin waje ya ƙone. Ƙarshen shekarar bai wuce ba sojoji suka karɓi mulki. A ganina gobarar nan, fiye da tsawon, ita ta sa ginin ya zauna a bakin mutane, har waɗanda ba su taɓa taka Legas ba.

Yanzu da kowa ke da salula, yana da sauran amfani?

Ta fuskar waya, an wuce wurin. Kafin GSM ya zo a 2001, layukan waya masu aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan duk mai neman layi sai ya bi ta hannun NITEL, ya yi ta zarya. Yau ƙananan turakun sabis ne birjik a kowace unguwa, kiran ƙasashen waje kuma mafi yawansa ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku yake bi. NITEL kanta ta durƙushe, an sayar da kadarorinta, kamfanin ntel ya taso daga abin da ya rage. Ginin dai yana nan a Marina, kuma wanda ya hawo gadar Eko daga ɓangaren Apapa zai hango sandarsa ta zarce sauran benayen tsibirin.