Waiwaye: Neman ma'aunin himmar ɗalibin da malami ba ya gani

Malamin da ke tsaye gaban aji yana gane wanda ke tare da shi da wanda hankalinsa ya tafi kasuwa. Da karatun jami'a ya koma intanet, sai jami'o'i suka shiga neman abin da zai maye gurbin wannan ido. Tarihin neman ya nuna hali guda: kowane zamani abin da ya fi sauƙin ƙirgawa yake ɗauka ya kira shi himma.

Maganar ta girmi intanet. A 1979 masanin ilimi ɗan Amurka Robert Pace ya fito da takardar tambayoyi da ke auna irin ƙoƙarin da ɗalibi ke sawa a karatu, a 1984 kuma Alexander Astin ya kafa hujjar cewa gwargwadon lokaci da ƙarfin da ɗalibi ya zuba, gwargwadon abin da zai kwasa. A kan wannan aka gina NSSE, binciken da ke tambayar ɗaliban jami'a game da himmarsu a karatu, wanda Jami'ar Indiana ta Amurka ta fara a shekarar 2000. Rauninsa biyu ne: ɗalibi ne ke ba da shaida a kan kansa, kuma amsar kan iso bayan zango ya yi nisa, lokacin da mai faɗuwa ya riga ya faɗi.

Zuwan manhajojin karatu irin su Blackboard a 1997 da Moodle a 2002 ya sauya lissafi, domin kowace dannawa tana barin sawu. A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Manhajar ba ta san tsawon lokacin da mutum ya yi yana karatu ba, abin da take rubutawa shi ne ya buɗe shafi kaza da ƙarfe 9:05, ya buɗe wani da 9:47. Mai nazari ne ke ɗebe wannan daga wancan ya ce an yi karatun minti 42, alhali ƙila ɗalibin ya tashi ya yi sallah ya ci abinci. Dannawar ƙarshe kuwa ba ta da abin da za a ɗebe ta daga ciki, sai a yanka mata minti 10 ko 30 da ka. A 2015 Vitomir Kovanović da abokan aikinsa suka nuna cewa sauya wannan ƙa'idar yankan kaɗai na iya sauya sakamakon bincike a kan bayanai iri ɗaya.

Jami'ar Purdue ce ta fi yin suna da amfani da irin waɗannan bayanai. Tsarinta na Course Signals ya kasance yana haɗa makin ɗalibi, da yawan shigarsa manhaja idan aka kwatanta da 'yan ajinsu, da tarihin karatunsa, sai ya kunna masa fitila ja, ko rawaya, ko kore. Jami'ar ta ce waɗanda suka ɗauki kwas biyu ko fiye masu wannan tsari sun fi daɗewa a makaranta da kusan kashi 21 cikin ɗari. A 2013 Mike Caulfield ya tona inda gizo ke saƙar: wanda ya daɗe a jami'a shi ke samun damar ɗaukar irin waɗannan kwasa-kwasai da yawa, wanda ya fice da wuri bai kai gare su ba. Wato an ɗauki sakamako an mai da shi dalili.

Guguwar darussan kyauta na Coursera da edX daga 2012 ta kawo bayanai jibgi. Wani nazari na 2014 a kan kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a edX ya gano cewa yawanci ba a wuce minti shida ana kallo, komai tsawon bidiyon. Darasi ne mai amfani ga mai shirya lacca, sai dai abin da aka auna shi ne bidiyo na tafiya, ba ido na kai ba.

Inda kuɗi ya shigo, batun ya zama na doka. A Amurka shiga manhaja kawai ba ya zama halartar darasi wajen biyan tallafin gwamnati, sai ɗalibi ya miƙa jinga, ko ya yi jarrabawa, ko ya sa baki a tattaunawar darasi. A 2017 masu binciken Ma'aikatar Ilimi suka nemi jami'ar Western Governors ta mayar da dala miliyan 713, bisa zargin cewa mu'amalar malamai da ɗalibai ba ta kai mizani ba. Ma'aikatar ta yi watsi da shawarar a 2019.

Abin da masana suka fi karkata gare shi yanzu shi ne babu ma'auni ɗaya da zai yi wa kowane kwas. Binciken Dragan Gašević na 2016 a kan kwasa-kwasai tara a wata jami'ar Ostireliya ya nuna alamar da ke hasashen nasara a wannan fanni ba lallai ta yi aiki a wancan ba. Saboda haka ake fara duba abin da malami ya tsara a yi a kowane mako, sannan a auna ɗalibi da 'yan kwas ɗinsu kaɗai. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta ɗauki tambaya mai sauƙi, ko ɗalibi zai miƙa jingar da ke tafe, sai a sanar da malaminsa ya tuntuɓe shi tun da wuri.

Wannan ya shafi ɗaliban Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya (NOUN) da sauran cibiyoyin karatu daga nesa a Nijeriya. Wanda data ta yi wa tsada yakan shiga sau ɗaya ya sauke littattafan zango gaba ɗaya, tattaunawa kuma a WhatsApp ake yin ta, inda manhajar jami'a ba ta gani. Ma'aunin da ke ƙirga shiga zai kunna masa ja, ya kunna kore ga mai intanet na ofis da ya bar shafi a buɗe. Ranar miƙa jinga da makin gajerun gwaje-gwajen mako sun fi faɗin gaskiya a kansa, kuma kafin a rubuta shi cikin masu sakaci, a buga masa waya a ji.