Waiwaye: Yadda Makiyayan Larzac Suka Hana Soja Cinye Gonakinsu

La Blaquière ɗan ƙaramin ƙauye ne mai gidajen dutse a kan tudun Larzac, kusa da garin Millau a kudancin Faransa. Ƙasar wurin duwatsu ce, ruwan sama na sauka sai ya zurare ƙarƙashi, shi ya sa tun kaka da kakanni mutanen suke haƙa tafkuna suna daɓe su da dutse domin shayar da dabba. Tumaki ne arzikinsu. Ana tatsar nononsu a kai Roquefort, inda ake yin cukun nan da sunansa ya karaɗe duniya, wanda doka ta kare sunansa tun 1925.

Tun 1902 akwai sansanin soja a tudun, ana zaman lafiya da shi. Amma a watan Oktoba na 1971 ministan tsaro Michel Debré ya sanar cewa za a faɗaɗa sansanin daga hekta 3,000 zuwa 17,000. Hujjar gwamnati ita ce wurin ya kusa zama kufai, samari sun tsere birni, tsofaffi kawai suka rage. Gaskiya ne mutane sun ragu, sai dai waɗanda suka rage ɗin ba wanda ya tuntuɓe su.

A watan Maris na 1972 manoma 103 suka sa hannu a kan rantsuwa cewa ba wanda zai sayar da gonarsa, ba wanda zai tashi, komai yawan diyyar da aka miƙo. Yawancinsu mutane ne masu riƙo da coci da bin hukuma, ba su taɓa zanga-zanga ba, kuma suka yarda ba za su ɗaga wa kowa hannu ba. A watan Oktoba suka loda tumaki 60 suka sake su suna kiwo a gindin hasumiyar Eiffel. A Janairun 1973 suka nufi Paris a kan taraktoci, aka tare su a Orléans. A 1978 kuwa da ƙafa suka taka, sama da kilomita 700.

Abin da ya fi taɓa min zuciya a La Blaquière ya faru. Ɗakin tumakin wani manomi mai suna Auguste Guiraud ya lalace, hukuma kuma ta hana izinin gini tunda filin yana cikin abin da soja za su karɓe. Sai a 1973 jama'a suka fara gina sabo ba izini, da dutse, irin ginin gargajiyar yankin. Ɗalibai da ma'aikata suka riƙa zuwa daga nesa suna ɗaukar dutse, wasu kuma suka riƙe wani kaso na harajinsu suka zuba a aikin. A Maris na 1975 aka dasa bam a gidan Guiraud cikin dare, iyalinsa na barci. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, kuma ba a hukunta kowa ba. Duk da haka bai tashi ba.

Shekara goma ana wannan ja-in-ja, har François Mitterrand ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1981 ya soke shirin.

Saura filayen da gwamnati ta riga ta saye, kimanin hekta 6,300. A 1985 aka ba wata ƙungiya ta mazauna tudun hayarsu na dogon zango, ita kuma take ba manomi ya yi aiki har ya yi ritaya, sannan gonar ta koma hannun wani mai son noma. Ba a sayarwa, ba a gado. A ganina wannan tsari ne ya ceci ƙauyukan fiye da nasarar 1981, domin saurayin da ba shi da kuɗin sayen fili yana iya samun gona da gida.

A 2011 UNESCO ta sa yankin Causses da Cévennes, wanda Larzac ke ciki, a jerin wuraren tarihi na duniya saboda al'adar kiwonsa. A 2013 aka tsawaita hayar zuwa 2083. Sansanin ma yana nan a kan tsohuwar iyakarsa, kuma tun 2016 wata rundunar sojan Faransa mai ɗaukar 'yan ƙasashen waje ce ke zaune a cikinsa.