Ɗaga ƙimar gida kafin sayarwa

Ɗaga ƙimar gida kafin sayarwa na nufin gyare-gyare da shirye-shiryen da mai gida kan yi domin kuɗin da masanin ƙima zai yanke wa gidan ya kai iyakar abin da ya cancanta. Wannan ƙima daban take da farashin da mai gida ya sa, daban kuma da tayin mai saye. Hukunci ne rubutacce daga ƙwararren da ba shi da rabo a cinikin, kuma galibi bankin da zai ba mai saye rance ne ke neman sa, tunda gidan ne jinginar bashin. Idan ƙimar ta gaza kuɗin da aka daidaita, banki ba ya ba da rance sai gwargwadon ƙimar. Daga nan ko mai saye ya cike giɓin daga aljihunsa, ko mai gida ya yi ragi, ko ciniki ya watse.

Yadda ake yanke ƙima

Hanyoyi uku ne sanannu: kwatanta gidan da makamantansa da aka sayar a kusa, lissafin abin da sake gina irinsa zai ci, da duba kuɗin hayar da zai iya kawowa. A gidan zama, kwatanci ne kan gaba. A Amurka, kamfanin Fannie Mae, wanda ke sayen basussukan gidaje daga bankuna, yana neman aƙalla gidaje uku da aka kammala cinikinsu, galibi cikin watanni 12 da suka wuce. Masanin kan ɗauki farashin kowannensu, ya ƙara ko ya rage bisa bambancin girma, yawan ɗakuna, fili da lafiyar gini.

Aikin yana da ƙa'idoji. Dokar FIRREA ta 1989 ce ta sa jihohin Amurka ba masu wannan sana'a lasisi, a Birtaniya kuwa ƙungiyar RICS, wadda aka kafa a 1868, ita ke tsara mizanin da mambobinta ke bi. Unguwa, girman fili da yanayin kasuwa sun fi ƙarfin mai gida. Abin da ke hannunsa shi ne lafiyar ginin da hujjojin da zai gabatar.

Gyara kafin kwalliya

A nan ne masu gida da dama kan yi kuskure, domin ido ya fi karkata ga abin da ke ƙyalli. Masanin ƙima kuwa aibi yake fara dubawa: rufin da ke yoyo, tabon danshi a silin, tsagewar bango, famfo mai ɗiga, wayar lantarki da ke waje, ɓarnar gara. Fom ɗin da ake amfani da shi a Amurka ya kasa lafiyar gida mataki shida, daga C1 na sabon gini zuwa C6 na wanda lalacewarsa ta taɓa ƙarfin ginin ko tsaron mazauna. Fannie Mae ba ya karɓar bashin gidan da ke C6 sai an gyara shi. Haka ma a rancen da FHA, hukumar gidaje ta gwamnatin Amurka, ke tsaya wa, dole a gyara fentin da ke ɓarewa a gidan da aka gina kafin 1978, saboda gubar dalma da kan kasance a tsohon fenti.

Ƙananan aibobi ma ba abin rainawa ba ne. Ƙofa ɗaya da ba ta rufuwa ba ta da nauyi a lissafi, amma idan ta haɗu da fasasshen gilashi da magudanar ruwa da ta toshe, sai su nuna gidan da aka yi wa sakaci. Masana na bambanta shekarun gida na zahiri da shekarun da yanayinsa ke nunawa: gida mai shekara 40 da aka sabunta rufinsa da bututun ruwansa yana iya tsayawa a matsayin mai shekara 20.

Babban aiki kuwa sai da lissafi. Abin da aka kashe ba shi ne abin da aka ƙara wa ƙimar gidan ba. Darajar kowane gyara ita ce abin da masu saye a wannan kasuwa za su biya dominsa. Kicin da banɗaki sun fi sauran ɗakuna tasiri, amma sabunta su daidai da na maƙwabta ya fi rusawa a zuba kayan alfarma. Gidan da ya zarce unguwarsa nesa ba kusa ba, farashin unguwar kan ja shi ƙasa. Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi sam: kujeru, labule da sauran kayan ɗauka, har ma da farantan sola na haya, a ƙa'idar Fannie Mae. Tun daga Afrilun 2022 kamfanin ya wajabta awon ANSI, wani mizanin auna faɗin gida na Amurka, wanda ke ware ɗakin ƙarƙashin ƙasa daga faɗin wurin zama komai kyawunsa, yana kuma neman tsayin silin ya kai ƙafa 7.

Takardu da ranar dubawa

Ɗakin da aka ƙara ba tare da izinin gini ba yana iya zama matsala maimakon riba, don haka ana so a daidaita takardunsa tun da wuri. Yana da amfani a miƙa wa masanin jerin gyare-gyaren da aka yi, da shekarar kowanne da rasit ɗinsa, musamman waɗanda ido ba ya gani, irin su sabon wayarin. A share gida, a buɗe hanyar zuwa kowane lungu, har da saman silin.

Ba da bayani halal ne, matsa lamba kuwa laifi ne. A Amurka, dokar Dodd-Frank ta 2010 ta haramta tursasa wa masani ko yi masa tayi don ya kai wani adadi. Idan rahoto ya fito da kuskure, kamar awon da bai cika ba ko ɗakin da aka manta, ana iya neman a sake dubawa. Buƙatar takan bi ta hannun bankin da ya ba da aikin, tare da hujjar kuskuren da misalan cinikayyar da masanin bai yi amfani da su ba.