Zuwa Zanzibar kai kaɗai da jaka a baya: amsar tambayoyin da ake ta maimaitawa

Da an sayar da riɗi aljihu ya ɗan yi nauyi, sai samarinmu na ƙauye, daga yankin Ringim har Ɗambatta, su fara damun mutum da zancen zuwa tsibiri. Tambayoyin ba sa canzawa. Ga amsa, wanda ya sake tambaya a nuna masa nan.

A ina Zanzibar ɗin take?

Tanzaniya, cikin tekun Indiya. Babban tsibirin sunansa Unguja. Daga Dar es Salaam jirgin ruwa mai gudu yana yin kamar awa 2, ko ka bi jirgin sama ta Addis Ababa ka sauka can kai tsaye.

Fasfo kawai ya isa?

Bai isa ba, can ba Nijar ba ce. Ɗan Najeriya sai ya nemi biza ta intanet, kuma irin wadda sai an bincike ka ake ba ka, don haka ka nema da kamar wata 2 kafin tafiya. Kada ka sayi tikiti biza ba ta fito ba. Sai katin allurar shawara, a yi maka ita aƙalla kwana 10 kafin ka tashi. Tun Oktoban 2024 kuma akwai inshorar dole ga baƙi, dala 44 aka sa mata.

Na iya ruwa a Tiga, zan iya shiga teku?

Wannan ce tambayar da ke tayar min da hankali. Ƙanena, dam daban, teku daban. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa yana janyewa nesa sau biyu a yini, ka ga fili fetal ka yi ta tafiya. In ya juyo, ta ramuka da kwaruruka yake fara zagayowa, kafin ka ankara ya raba ka da gaɓa. Ka tambayi masunta lokacin dawowarsa kafin ka taka. Ka sa takalmin roba, don akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya, ƙayarta tana karyewa cikin tafin ƙafa. In wanka kake so, je Nungwi ko Kendwa a arewa, ruwan can ba ya janyewa sosai.

Wane lokaci ya fi?

Disamba zuwa Fabrairu, bayan an gama kaka. Maris zuwa Mayu ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya. Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗin iska, amma wa zai yi maka noman?

Me zan zuba a jaka?

Kada ta wuce kilo 7. Kaya kala 3, darduma ƙarama, kwaɗo, tocila, maganin sauro, caja. Soket ɗinsu irin namu ne. Leda an hana ta a Tanzaniya tun 2019, ka bar ta a gida. Naira ba ta da amfani a can, ka riƙe sababbin takardun dala ka canja zuwa shilin.

Yaya zan yi abokai, kuma yaya zan gane na kirki?

To, a nan ba ni da amsa guda. Abin da ya fi aiki shi ne ka daina yawo, ka zaɓi wuri ɗaya ka riƙa komawa. Masallaci ɗaya, mai shayi ɗaya, dakali ɗaya. A Stone Town, wato tsohon garin Zanzibar, akwai Jaws Corner, inda maza ke zama shan gahawa da hira tun safe. Ranar farko kai baƙo ne, zuwa ta uku an fara matsa maka wuri. Ka gaida dattijo da "shikamoo", zai amsa "marahaba". Yawancin mutanen Musulmi ne 'yan Shafi'iyya, za ka ji liman na bayyana Bismillah, kuma a ɗaga hannu a ƙunutin Asuba. Ka bi sallarka, ba gyaran ta wani ya kai ka ba.

Wahalar tana wajen kuɗi. Wanda ya tare ka a tashar jirgin ruwa ko bakin teku yana "my friend", galibi ɗan kamasho ne, su can "papasi" suke ce musu. Ba lallai mugu ba ne, neman abinci yake, wani ma zai yi maka amfani. Amma kafin ya raka ka ko taku goma, ka tambaye shi: rakiyar nan nawa ce? In ya faɗi kuɗi, kun yi ciniki. In ya ce "ai mu 'yan'uwa ne" ya ƙi faɗa, sau da yawa rigima na jiran ka a ƙarshe. Na ce sau da yawa, domin akwai wanda da gaske don Allah yake yi, kuma miƙa masa kuɗi zai ɓata masa rai. Irin wannan ka saya masa abinci, ku ci tare. Alamar da na fi yarda da ita, ko da yake ita ma takan kuskure: mutumin kirki yana da abin yi, zai bar ka ya tafi aikinsa. Wanda ya manne maka tun safe har dare, kai ne aikin nasa.

Matafiya irinka kuwa a masauki mai gadaje da yawa a ɗaki ɗaya ake samun su. Ka tambaya tun kafin ka biya ko akwai ɗakin maza zalla, don wasu a cakuɗe suke. Ku haɗa kuɗin kwale-kwale, ku je cin abincin dare a Forodhani, wani lambu a bakin teku a Stone Town, amma ka tambayi farashi kafin a ɗora kifi a wuta. Rance babu, fasfo ba ya barin jikinka, kuma ba ka riƙe wa kowa kaya a filin jirgi, ko da kun yi mako kuna ci a kwano ɗaya. In sun nufi mashaya, ka ce ba ka sha, ba wanda zai kama ka da kokawa.

Tasi ko me?

Daladala, wato motar haya ta jama'a, daga kasuwar Darajani a Stone Town. Ta fi arha nesa ba kusa ba, sai dai matsi.

Mun yi da aboki "saa mbili", na je ƙarfe 2 ban gan shi ba.

Bai yaudare ka ba. Waswahili daga fitowar rana suke ƙirga lokaci, "saa mbili", wato awa biyu, ƙarfe 8 ke nan. Ka ƙara 6 ko ka rage 6. Kuma suna gabanmu da awa 2, kada ka kira Inna da asubarku ka tashe ta ƙarfe 3 na dare.

Baba bai yarda ba.

Kada ka je. Ka sa kawunka ya yi masa magana, biza ana sake nema baɗi.