Sanya Ƙima a Mazubi a Harsunan Sikirif

Sanya ƙima shi ne umarnin da ake ba kwamfuta ta ɗaura wani suna a kan wani bayani, lamba ce ko rubutu ko jeri, don a riƙa kiransa da sunan daga baya. Wannan suna shi ake kira mazubi. A Python, ɗaya daga cikin harsunan sikirif (harsunan rubuta wa kwamfuta umarni), idan aka rubuta `kudi = 500`, sai an lissafa abin da ke dama tukuna, sannan a ɗaura shi ga sunan da ke hagu. Shi ya sa `x = x + 1` yake da ma'ana, alhali a lissafin makaranta ƙarya ce tsagwaronta. Umarni ne, ba iƙirarin daidaito ba.

Tarihi

Alamar `=` ta lissafi ce tun asali; Robert Recorde, masani ɗan Wales, ya ƙirƙiro ta a 1557. Harshen FORTRAN, wanda ayarin John Backus na kamfanin IBM ya fitar a 1957, shi ya yaɗa amfani da ita wajen sanya ƙima, ko da yake ana jin Heinz Rutishauser ya riga shi a wajejen 1950. Masu harshen ALGOL ba su yarda ba, suka zaɓi `:=`, Pascal na Niklaus Wirth ya bi sawunsu a 1970. Wirth ya daɗe yana sukar ɗora wa `=` aikin da ba nata ba, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Duk da haka, harshen B na Ken Thompson, a wajen 1969, sannan C, suka tsayar da `=` don sanyawa, `==` don kwatantawa. Perl, Python da JavaScript duk nan suka gada.

Python 3.8 ya shigo da `:=` a 2019, a matsayin ƙarin hanyar sanya ƙima ban da `=`, bayan doguwar taƙaddama, wadda a ƙarshenta Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, ya sauka daga jagorancin harshen a Yulin 2018.

Yadda ake yi

A harshen Bash ba a barin sarari a gefen `=`: `suna=Audu` daidai ne, amma `suna = Audu` sai Bash ya ɗauka `suna` umarni ne, ya ce bai same shi ba. PHP kuwa yana sa `$` a gaban sunan. JavaScript ya sami `let` da `const`, kalmomin da ake buɗe sabon mazubi da su, a 2015.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe a Python shi ne jeri. Bayan `a = [1, 2]` da `b = a`, ba a kwafi komai ba; sunaye biyu ne a kan abu guda. Aka ƙara 3 ta hanyar `b`, sai ta bayyana a `a` ma.