Allurar rigakafin maleriya: ku karanta nan kafin ku sake tambayata

Kullum tambayoyin nan ne, a asibiti, a gidan suna, har a WhatsApp ɗin unguwa tsakar dare. To ga su wuri ɗaya.

Wai da gaske akwai allurar maleriya?
Akwai, guda biyu ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da RTS,S a 2021, sai R21 a Oktoba 2023. Ta biyun ce Najeriya ta ɗauka, masana a Jami'ar Oxford ta Ingila suka haɗa ta, kamfanin Serum Institute na Indiya ke sarrafawa.

Ni babba zan iya yi?
A'a, Alhaji. Ta yara ce.

Yaushe ake yi wa yaro?
Wata 5, wata 6, wata 7, sai ta huɗu a wata 15. An fara da Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024, sauran jihohi ana bi a hankali, don haka ki je da katin rigakafi ki tambayi nas ɗin asibitin unguwarku.

In an yi masa, sai mu daina ɗaura gidan sauro ko?
Haba baiwar Allah! Wa ya gaya miki haka? Allurar tana koya wa jiki ya tare ƙwayar cutar tun sauro na zuba ta, kafin ta isa hanta, amma ba duka take tarewa ba. Gidan sauro yana nan, maganin nan da ake bi gida-gida ana ba yara duk wata da damina shi ma yana nan, kuma binciken da aka yi a Mali da Burkina Faso da aka wallafa a 2021 ya nuna haɗa allurar RTS,S da wannan magani ya fi kowannensu shi kaɗai nesa ba kusa ba. Ni abin da ke ƙona min rai ke nan, a raba gidan sauro kyauta ka je ka tarar an kewaye tumatir da shi.

Ba gwaji ake yi da yaranmu ba?
Na san abin da ke ranku, gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba a manta ba, kuma ban ga laifin mai tambaya ba. Amma ita wannan R21 an riga an gwada ta a kan yara kusan 4,800 a Mali, Burkina Faso, Kenya da Tanzaniya, inda a wuraren da cutar ke zuwa da damina irin namu ta rage kamuwa da kashi 75 cikin 100 a shekarar farko. NAFDAC ma ta amince tun 2023.

Tana hana haihuwa?
Ba ta hanawa.

An yi masa allura jiya, yau jikinsa zafi rau. Allurar ce ko maleriya ce?
To nan ne sai an bi a hankali, don ni daga waya ba zan iya rantsewa ba. Yawanci zazzaɓin allura yakan zo ne a ranar ko washegari, wurin ya ɗan kumbura, yaro ya yi rigima amma yana kama nono yana wasa in zafin ya sauka, kwana ɗaya zuwa biyu ya wuce. Irin wannan a rage masa kaya, a shafa ruwa mai ɗumi-ɗumi, a ba shi farasitamol gwargwadon yadda nas ta faɗa. Sai dai fa mu a Katsina, musamman Agusta zuwa Oktoba, yaro na iya zuwa wurin allurar da maleriyar tuni a jininsa, kuma allura ɗaya ko biyu ba su gama gina kariya ba tukuna, kin ga ba a cewa ai allura ce a kwanta. In zafin ya wuce kwana biyu, ko yana amai duk abin da ya sha, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi, ko jijjiga ta kama shi ko da sau ɗaya ne, kar ki jira gari ya waye, kar ki tsaya kemis a haɗa miki magani a leda. A kai shi asibiti a ɗiga jini a gwada, minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. In ma shakka kawai kike yi, ki kawo shi, ba wanda zai ce kin cika tsoro.

Mun yi tafiya, wata ya wuce ba a yi ta biyu ba. A sake daga farko?
A'a. Ki kawo shi da katinsa a ɗora daga inda aka tsaya.